Tambayoyinku: Bututun Alaska a Sama, Namu a Binne

Jama'a, assalamu alaikum. Saƙonni uku na zaɓo a wannan fitowar, duka a kan bututu. Na farkon zai ɗauke mu lokaci, don ya taɓo sana'ar da na ci abinci da ita shekara talatin da ɗoriya.

Tambaya: Baba, ni mai walda ne a Ƙofar Ruwa. Na ga hoton wani bututun mai a waya, aka ce a Alaska yake. An ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe, yana tafiya a karkace kamar maciji cikin dusar ƙanƙara. Amma wanda ake kawo mana Kano ta wajen Zariya na ga binne shi ake yi. Shin nasu ne aikin ƙwarai, namu kuma an yi mana na araha?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka kwantar da hankalinka, binne bututu shi ne asalin aiki a duk duniya. Ya fi sauƙin kuɗi, rana ba ta dukansa, mota ba ta karo da shi. Mutanen Alaska ma binnewa suka yi niyya da farko, ƙasar ce ta ƙi.

Alaska jiha ce ta Amurka, can ƙarshen arewa, wadda suka saya daga hannun Rasha a 1867. A 1968 aka gano mai a wani wuri da ake kira Prudhoe Bay, a bakin tekun da ke daskarewa mafi yawan shekara. Rijiyoyi sun samu, jirgin ruwa kuwa ba shi da hanyar zuwa ɗauka sai ɗan lokaci kaɗan. Sai kamfanonin suka yanke shawarar jan bututu zuwa kudu, har garin Valdez, inda tashar jiragen ruwa ba ta daskarewa. Nisan mil 800 ne, kusan kilomita 1,290, ya fi tafiyar Kano zuwa Legas a mota. Faɗin bakinsa inci 48. Kai da ka saba da awo ka san ƙafa huɗu ke nan, yaro ɗan firamare zai tsaya a ciki ba tare da ya sunkuya sosai ba.

Matsalar tana ƙarƙashin ƙafa. A yawancin wannan hanya ƙasar daskararriya ce tun dubban shekaru, laka da tsakuwa da ruwa sun haɗe sun zama kamar dutse. Shi kuma ɗanyen mai da zafinsa yake fitowa daga rijiya, gogayyar tafiya cikin bututu tana ƙara masa wani zafin. Ka tuna ƙanƙarar da ake sayarwa da azumi. Ɗora mata butar shayi mai zafi ka ga yadda butar za ta riƙa nutsewa tana karkata. Haka bututun zai yi in an binne shi a irin wannan ƙasa. Za ta narke ta koma taɓo, ƙarfen ya rasa abin da zai kwanta a kai, ya lanƙwashe, wata rana ya tsage. Don haka duk inda suka tarar da dutse ko tsakuwar da ba ta zubewa in ta narke, sun binne. Inda ƙasar ba ta da amana, kimanin mil 420, suka ɗaga shi a kan ginshiƙan ƙarfe wajen 78,000, suka naɗe shi da abin da ke riƙe zafi.

Su kansu ginshiƙan an yi musu dabara, kuma ita ce ta fi burge ni a duk aikin. In ka sake duba hoton za ka ga wasu fikafikai na alminiyam a saman da yawa daga cikinsu. A cikin ginshiƙin akwai siririn bututu a toshe, an zuba masa sinadarin amoniya. Da sanyi, idan iskar waje ta fi ƙasa sanyi, amoniyar da ke gindi takan zama tururi ta hau sama da ɗumin ƙasar, fikafikan su saki ɗumin a iska, ta koma ruwa ta gangaro. Haka take ta zagaye, ba inji, ba wuta, ba mai kunnawa. Ƙasar da ke riƙe da ginshiƙin takan ƙara daskarewa har ta iya jure 'yan watannin ɗumi. Kusan hikimar randa ce, wadda ke sanyaya ruwa ba tare da an ja mata waya ba.

Karkacewar da ka gani kuwa, kai ka fi kowa sanin dalilinta, don ƙarfe a hannunka yake wuni. Zafi yana miƙar da shi, sanyi yana tsuke shi. A can sanyi yakan wuce digiri 50 ƙasa da sifili, mu da muke neman bargo da garwashi in hunturu ya sauko digiri 12. An haɗa bututun babu komai a cikinsa, cikin wannan sanyi, daga baya mai ɗumi ya shiga. Da a miƙe yake sak, ƙarin tsawon da zai yi ba shi da inda zai je. Da aka karkata shi, sai miƙewar ta koma motsi zuwa gefe. Ba a ɗaure shi tamau a kan ginshiƙan ba, yana zaune ne a kan wasu takalma da aka shafa wa Teflon, irin abin da ke cikin kaskon suyar zamani don kada abinci ya kama, yana zamewa dama da hagu.

Wannan darasin a jikina na koye shi. Ina matashi muna shimfiɗa bututun ruwa na ƙarfe a bayan gari, ƙarƙashin wani ɗan kwangila da yake sauri ya miƙa aiki. Watan Afrilu ne, ƙarfen ya sha rana har ba ya taɓuwa sai da safar hannu. Wani dattijon mai walda da muke kira Baba ya ce a bar haɗin ƙarshe sai da asuba, in ƙarfe ya huce. Aka ƙi. Aka haɗa da azahar, ramin kuma a buɗe. Da muka dawo da safe, ga wata siririyar tsaga a gefen ɗinkin, kamar an ja layi da reza. Dattijon bai ce uffan ba. Ya durƙusa, ya shafa wurin da babban yatsa, ya ce a miƙo masa garanda. Kwana biyu muka yi muna gyaran abin da haƙurin dare ɗaya zai hana.

An gwada aikin Alaska gwajin gaske ranar 3 ga Nuwamba, 2002. Girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.9 ta auku a tsagin Denali, wanda bututun ya ratsa ta kansa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta goce kimanin ƙafa 14 zuwa gefe. Tun lokacin zane masana duwatsu suka nuna wurin, aka kwantar da bututun a kan dogayen sandunan ƙarfe a ƙasa, aka ba shi filin zamewa har ƙafa 20. Wasu ginshiƙai sun lalace, amma mai bai zuba ba. Kusan shekara talatin tsakanin ranar da aka yi lissafin da ranar da ya yi amfani.

Kada ka ɗauka komai ya tafi sumul. Ɗinkin walda a layin ya haura 100,000, kuma doka ta ce kowanne sai an ɗauke shi hoto irin na ƙashi da ake yi a asibiti. Ana tsakiyar aiki aka gano cewa an yi maguɗi a wasu hotunan, an ɗauki ɗinki mai kyau an liƙa wa wani lambarsa. Kusan ɗinki 4,000 suka shiga zargi, aka bi su ana dubawa, wasu sai da aka tono su bayan an binne, har da na ƙarƙashin ruwa. Ina gaya maka wannan ne don ka san inda ake auna aikin ƙwarai. In ka samu wanda ya yi aiki a layinmu, tambaye shi ko an ɗauki hoton kowane ɗinki, ko an naɗe ƙarfen da rigar hana tsatsa ba tare da ta ƙuje ba, ko an cika shi da ruwa an matsa fiye da ƙarfin da zai yi aiki da shi kafin a amince. Waɗannan su ke raba aiki da ha'inci, kuma duk ido ba ya ganinsu daga bakin titi.

Akwai abin da hoton bai nuna maka ba. Tun 1969 aka yi odar bututun daga Japan, ya iso, aka jibge shi, ya yi shekaru yana jira. Mutanen asalin ƙasar, waɗanda kakanninsu ke farauta da kamun kifi a wurin tun kafin zuwan Turawa, suka je kotu suka ce ƙasarsu ce za a ratsa. Masu kare muhalli ma suka shigar da tasu ƙarar. Sai da majalisar Amurka ta yi doka a 1971, ta bar wa 'yan asalin eka miliyan 44 da dala miliyan 962.5. Sauran taƙaddamar ta kai har ƙuri'a ta yi kunnen doki a majalisar dattawa a 1973, mataimakin shugaban ƙasa Spiro Agnew ya raba gardama. A watan Oktoban shekarar ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, layi ya cika gidajen mai, a watan Nuwamba Shugaba Nixon ya sa hannu. Kamfanonin sun ji haushin jinkirin, amma a cikin waɗannan shekarun ne aka tilasta musu sake zane, aka fito da ginshiƙan, da wuraren da aka ɗaga ko aka binne bututun don garken karibu, wata dabba mai kama da barewa, su samu hanyar wucewa. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Da aka fara, sai da aka gina titi tukuna a 1974, daga kogin Yukon zuwa bakin tekun arewa, don babu ko hanyar da tirela za ta bi. Aka soma kwantar da bututu a Maris 1975. Ya haye jerin tsaunuka uku da ɗaruruwan koguna da rafuka. Mutum wajen 70,000 suka yi aiki a kansa, wasu kuma ba su koma gida ba. Ranar 20 ga Yuni, 1977 mai ya shiga, kuɗin ya tashi kimanin dala biliyan 8. A 1988 yana ɗaukar ganga miliyan biyu a rana, yanzu bai kai rabin miliyan ba. Babbar masifar da ta same su a teku ta faru, a Maris 1989, lokacin da jirgin Exxon Valdez ya hau dutse bayan ya yi lodi, galan miliyan 11 ya malale. A 2001 kuma wani mutum ya harbi bututun da bindiga ya huda shi. Abin da ke sama, hannu yana kai masa.

Mu tamu ƙasar marmara ce da jigawa da laka, ba ta narkewa. Abokan gabarmu tsatsa ne, da zaizayar damina da ke iya tone abin da aka binne, da kuma mutum mai diga. Ga koguna. Bututun da ka gani ta wajen Zariya shi ne na iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, faɗinsa inci 40, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da fara aikinsa a ƙarshen Yunin 2020. Wurin da ya fi ba su wuya shi ne kogin Neja, sai a 2025 aka sanar an haye shi, ta hanyar huda rami a kwance can ƙarƙashin gindin kogin a ja bututun ta ciki. Wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Shawarata gare ka, ɗana, in kana da hali ka nemi horon waldar bututu ka samu takardar shaida. Waldar ƙofa da taga daban, wadda za a ɗauka hoto a duba cikinta daban. Bututun yana kwance ba ya juyawa, kai ne za ka zagaye shi, ka yi sama, ka yi gefe, ka kwanta rigingine tartsatsi na zubo maka. Hannun da ya iya wannan ba ya rasa aiki.

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a cikin birni. Bututun gas ya bi ta gefen gonar mahaifinmu a ƙauye. Mahaifin namu ya tsufa, ƙannena ne ke nomawa. Za su iya ci gaba da shuka a wurin? Mahaifiyarmu ta kasa barci don tsoron fashewa.

Amsa: Malama, ki gaishe da Baba da Hajiya, Allah ya ƙara musu lafiya. Ki gaya wa Hajiya cewa bututun da aka binne daidai, aka bar shi a yadda yake, ba ya tashi haka kawai. Yawancin haɗarin da ake samu hannun mutum ne ke jawo shi.

Abu na farko, ki nemi takardar da aka ba Baba lokacin da aka auna gonar. Akwai zirin ƙasa da aka keɓe wa bututun, dama da hagunsa, kuma abin da takardar ta ce game da zirin shi ne hukunci. In ba ta fayyace ba, ku bi ta hannun mai unguwa ko dagaci ku nemi bayani a rubuce, kada ku tsaya a kan "an ce". A ƙa'idar aikin ko'ina, abin da ake hanawa a kan zirin sananne ne. Ba a gini, ko da ɗakin ajiye taki ne. Ba a haƙa rijiya ko burtsatse. Ba a dasa bishiya mai zurfin saiwa irin mangwaro ko darbejiya. Ba a ɗibar ƙasar bulo ko yashi, wannan kuwa shi na fi jin tsoro, don na san yadda kududdufi ke farawa a ƙauyukanmu, mutum ɗaya ya ɗebi kura guda, shekara uku sai ka ga rami ya fi tsayin mutum. Ba a ƙona sharar gona a kai, ba a bin wurin da babbar mota mai lodi. Ƙannenki su kula da turakun alama da aka kafa, kada yara su tumɓuke su, kada kuma a ɗaure dabba a jiki. In damina ta ci ƙasa har suka ga alamar ƙarfe ko rigarsa ta bayyana, su kai rahoto, kada su ce za su rufe da kansu.

Su kuma san alamun yoyo, domin gas ɗin babban bututu ba lallai ya yi wari irin na tukunyar girki ba, wancan warin zuba masa ake yi da gangan. In sun ji ƙara kamar ta tayar da ke sacewa, ko ƙura na tashi daga wuri ɗaya ba iska, ko ruwan kwance na tafasa ba wuta, ko shuka ta bushe a da'ira alhali ta kewaye kore ce, su bar wurin da ƙafa, su nufi inda iska ke fitowa. Kada a tayar da babur, kada a ƙyasta ashana. Mu da muka ji labarin Jesse ta jihar Delta a Oktoban 1998, inda mutum fiye da dubu suka ƙone wajen kwasar fetur daga bututun da ya fashe, ba ma son a sake ko kusa da haka a ƙasar nan.

Batun diyya, ki sani cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta fi duba abin da ke kan ƙasar, wato amfanin gona da bishiyoyi masu kawo kuɗi da gini. Don haka duk ɗorawa ko tsamiya ko kuka da aka sare, a tabbata ta shiga lissafi. Ki ɗauki hoton duk takardun da waya ki ajiye a wurinki, gara da ruwan sama ba sa barin takarda a ɗakin ƙauye.

Tambaya: Baba, ɗan adaidaita sahu ne ni daga Kurna. In bututun nan ya fara aiki, fetur zai sauko?

Amsa: Ɗana, ba zan yi maka alƙawarin da bututun bai yi ba. Iskar gas zai ɗauko, fetur kuwa daga matata yake fitowa, kuma wanda kake sha yanzu a tanka yake zuwa daga kudu, kuɗin hanyar na cikin abin da kake biya tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Da can akwai tsarin da ɗanyen mai ke hawowa ta bututu zuwa matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tataccen kuma ya biyo wani bututun zuwa defon Hotoro. Da wannan layin na aiki yadda aka tsara shi, da tankokin da ke cin titin Zariya sun ragu.

Gas ɗin ma ba irin na tukunyar girki ba ne, wani ne mai sauƙin nauyi. Amfaninsa na farko wutar lantarki ne da masana'antu. Na san Sharaɗa da Bompai da Challawa lokacin da jiniyar canjin aiki ke tashi ka ga kekuna sun cika titi, kuma tsadar wuta da dizal na cikin abin da ya rufe yawancin masaƙun nan. Da shi ake yin takin yuriya. Inda zai taɓa aljihunka kai tsaye shi ne in an matsa shi a tukunya ana zuba wa ababen hawa, wanda ake kira CNG. Yanzu duk gas ɗin da ya iso Kano, a mota aka ɗauko shi, in bututu ya kawo shi bakin gari kuɗin dakon zai ragu. Amma sai an gina ƙananan layuka da gidajen sayarwa tukuna, babban bututu shi kaɗai ba ya shiga unguwa.

Kuma ƙarfe ba ya tafiya sai mutane sun daidaita. Dubi maƙwabtanmu na Nijar. Sun ja bututun ɗanyen mai kusan kilomita 2,000 daga Agadem cikin sahara har bakin teku a Benin, an gama aikin, amma rikicin iyaka bayan juyin mulkin 2023 ya riƙa tsayar da lodi, a 2024 kuma 'yan tawaye suka fasa wani sashe.

In ka tashi mayar da adaidaitarka ta gas, ka je wurin da hukuma ta amince da su, ka ga hatimin gwaji a jikin tukunyar da idonka. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsi da ya ninka na tukunyar girki sau da yawa, kada wani ya yi maka waldar wata a bakin titi ya ce duk ɗaya ne. Ka riƙe takardar da za su ba ka, akwai ranar da za a sake gwada tukunyar a rubuce a ciki.